Wa Zai Ce An Warke? Tarihin Auna Sakamakon Aikin Kafaɗa

A watan Janairun 1915, likitocin tiyata na birnin Boston da ke Amurka suka taru a laburaren likitocin garin domin tattauna ingancin aikin asibitoci. Shugaban zaman, Dakta Ernest Amory Codman, ya bari sai da masu jawabi suka gama, sannan ya sa aka yaye mayafin wani ƙaton zane da wani abokinsa ya zana masa. Jimina ce ta cusa kanta a cikin ƙasa, tana harbo ƙwayayen zinariya ta baya, likitocin unguwar masu hannu da shuni kuma suna ta cafewa. Jiminar ita ce attajiran Boston, masu biyan kuɗin tiyata ba tare da sun taɓa tambayar ko tiyatar tana amfani ba. A gefe kuma ga shugabannin babban asibitin Massachusetts, suna shawarar ko jiminar za ta ci gaba da yin ƙwai idan aka gaya mata gaskiya. Kowa ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, kuma waɗanda aka zaga a daren nan suna zaune a cikin ɗakin. Ba a jima ba aka nemi Codman ya sauka daga shugabancin, abokan aiki kuma suka rage turo masa marasa lafiya.

Abin da ya kai shi ga wannan tsokana ra'ayi ne wanda mai karatu na yau zai yi mamakin a ce an taɓa yin faɗa a kansa. Cewa ya yi kowane asibiti ya bi sawun duk wanda ya yi wa magani har sai ya tabbatar ko maganin ya yi aiki, idan kuma bai yi ba, a nemi dalili, domin kada a maimaita. Ya tsara wa kowane majiyyaci kati ɗaya: abin da ya kawo shi, cutar da likita ya ce yana da ita, aikin da aka yi masa da wanda ya yi aikin, matsalolin da suka biyo baya, sannan halin da yake ciki bayan aƙalla shekara guda. Layin nan na ƙarshe shi ne baƙon abu. A lokacin, da zarar ɗinki ya kame an sallami mutum, asibiti ya gama da shi. Ko ya koma sana'arsa, ko yana kwance a gida, babu littafin da zai faɗa.

Son rubuta abu a takarda tsohon halinsa ne. Tun yana ɗalibi a Harvard, wajen 1895, shi da abokin karatunsa Harvey Cushing, wanda daga baya ya zama jigon tiyatar ƙwaƙwalwa, suka fara rubuta bugun zuciya da numfashin majiyyaci a kan jadawali yayin da yake cikin maganin sa barci. Takardar da masu ba da maganin barci ke cikewa a ɗakunan tiyata har gobe jikar wannan jadawali ce.

A 1911 ya buɗe ɗan ƙaramin asibitinsa mai gado 12 a unguwar Beacon Hill, domin ya gwada ra'ayinsa a kan kansa. A 1914 ya ajiye aiki a babban asibitin Massachusetts saboda ana ƙara wa likitoci girma bisa daɗewa a aiki, sannan ya aika da takardar neman kujerar babban likitan tiyata, da hujjar cewa sakamakon aikinsa ya fi na saura. Ba a ba shi ba, kuma da wuya a ce ya zaci za a ba shi. Daga cikin marasa lafiya 337 da aka sallama daga asibitinsa tsakanin 1911 da 1916, ya buga kurakurai 123 a littafi, ya rarraba wa duniya. Har kasa su ya yi gida-gida: na ƙarancin gwaninta, na kuskuren shawara, na sakaci ko rashin kayan aiki, na rashin gane cutar, da waɗanda cutar ce ta fi ƙarfin magani, ko majiyyacin ya ƙi yarda a yi masa. Likitan da zai tona asirin kansa haka ya jefa sauran cikin tsaka mai wuya, domin duk wanda ya ƙi yin irin nasa sai a tambaye shi me yake ɓoyewa.

To, mene ne haɗin wannan mutum da kafaɗa? Ita ce gaɓar da ya ƙare rayuwarsa yana nazari, kuma a kanta ne tambayarsa ta fi wuyar amsawa.

Kalmar jijiya a Hausa tana ɗaukar kaya da yawa. Hanyar jini jijiya ce, mai kai saƙon ƙwaƙwalwa ma jijiya ce. Wadda ake nufi a nan ita ce farar igiyar nan mai tauri da ke ɗaure tsoka a jikin ƙashi, irin wadda haƙori ke fama da ita a farfesun ƙafar sa. Kan ƙashin damtse dunƙulalle ne, gurbin da yake zaune a ciki kuwa ba shi da zurfi, kamar tulu a kan gammo. Shi ya sa hannu ke iya juyawa ta kowace fuska, shi ya sa kuma yake bukatar abin riƙewa. Tsokoki huɗu ne suka taso daga allon kafaɗa, jijiyoyinsu suka yi wa kan ƙashin ƙawanya suna danne shi a gurbinsa. Ta saman cikinsu tana bi ta ƙarƙashin wata 'yar rumfa ta ƙashi, tana taimakawa wajen ɗaga hannu ta gefe, kuma ita ce ta fi yagewa, ko dai farat ɗaya wajen faɗuwa, ko a hankali saboda shekaru. Mai wannan ciwo ba ya iya kwanciya a kan kafaɗar, kuma miƙa hannu sama ya zame masa aiki.

A zamanin Codman hoton ƙashi kawai ake da shi, shi kuwa ba ya nuna jijiya. Lebura zai faɗi a wurin aiki, a ɗauki hoto a ga babu karaya, sai a ce masa targaɗe ne ko sanyin ƙashi, wani ma a zarge shi da ƙaryar ciwo. Codman ya buɗe kafaɗa ya ga yagewar da idonsa, ya ɗinke, kuma a 1911 ya buga rahoton mutum biyu da aikin ya yi wa amfani. Rahoton yana cikin na farko-farko a kan irin wannan ɗinki. A 1934 ya buga littafinsa mai suna The Shoulder da kuɗin aljihunsa, ya cika gabatarwar da tarihin rayuwarsa da faɗace-faɗacensa. Atisayen nan da masu gashin ƙashi ke sa mutum ya sunkuya ya saki hannu yana lilo da shi, har yau da sunansa ake kiransa.

Asibitin nasa bai yi tsawon rai ba. A Disamban 1917 wani jirgin ruwa maƙare da abubuwan fashewa ya tarwatse a tashar Halifax ta Kanada, Codman ya tafi taimako, daga nan ya shiga aikin soja, asibitin kuma bai sake farfaɗowa ba. Ƙungiyar likitocin tiyata ta Amurka, wadda aka kafa a 1913, ta ɗauki wani yanki na ra'ayinsa. Da ta binciki manyan asibitoci 692 a 1918, guda 89 kawai suka cika mafi ƙarancin sharuɗɗanta. Sai dai abin da aka ɗauka shi ne mai sauƙin haɗiya: ajiye bayanai, tarukan likitoci, ɗakin gwaje-gwaje. Bin majiyyaci har gida da bayyana sakamako ga jama'a kuwa, aka bar masa kayansa. Ya rasu a 1940, aka binne shi a kabarin da ba shi da ko alama, sai a 2014 likitoci suka haɗa kuɗi suka kafa masa dutse.

Akwai giɓi a katin Codman wanda ya ɗauki shekaru kafin a lura da shi. Katin yana tambayar ko an samu sauƙi, amma wa ke cike layin? Likitan da ya yi aikin. Shekaru da dama bayansa, rahotannin aikin kafaɗa kusan duk fasali ɗaya ne: likita ya lissafa mutanen da ya yi wa aiki, ya kasa su zuwa waɗanda sakamakonsu ya yi kyau ƙwarai, da masu kyau, da masu dama-dama, da marasa kyau. Shi ne mai shari'a, shi ne kuma wanda ake tuhuma. Ba sai ya yi ƙarya ba. Majiyyacin da ke zaune gaban mutumin da ya yi masa aiki yakan ce da sauƙi, ko don kunya, wanda bai ji daɗin aikin ba kuwa sau da yawa ba ya ma dawowa a ƙirga da shi. Kuma abin da likitan Boston ya kira mai kyau, na Landan zai iya kiransa dama-dama.

Maganin farko da aka nema shi ne lamba. A 1987 wasu likitoci biyu a Ingila, Christopher Constant da Alan Murley, suka fito da ma'auni mai maki 100 wanda har yanzu ya fi kowanne karɓuwa a Turai. Ciwo yana da maki 15, ayyukan yau da kullum 20, nisan da hannu ke iya motsawa 40, ƙarfi kuma 25. Ana auna motsin da ma'aunin kusurwa, ƙarfin kuma da sikeli mai ƙugiya wanda majiyyaci zai ja sama da hannunsa a miƙe. Ci gaba ne na gaske, domin yanzu ana iya kwatanta asibiti da asibiti. Amma a duba rabon da kyau. Maki 65 suna hannun mai aunawa, 35 kawai aka bar wa mai kafaɗar. Ciwon da ya hana mutum barci wata shida, wanda shi ne ma ya kawo shi asibiti, bai kai ƙarfin jan sikeli daraja ba. Ga kuma tsohuwa mai shekara 70 da kafaɗarta lafiya lau, ba za ta taɓa cin maki 100 ba, don ba ta da ƙarfin saurayi. Dole daga baya aka riƙa gyara makin bisa shekaru da jinsi. Duk ma'auni irin wannan hukunci ne a kan abin da ya fi muhimmanci, sai dai an sa masa rigar lissafi.

Ana cikin haka sai na'urorin da ke ganin jijiya suka iso, kowa ya zaci gardama ta ƙare, tunda gani ya kori ji. Sai ga shi sun ƙara dagula lissafin. A 1995 aka buga binciken da aka ɗauki hoton MRI na kafaɗun mutum 96 waɗanda ba su da wani ciwo. Kashi 34 cikin ɗari an same su da yagewar jijiya, a cikin waɗanda suka haura shekara 60 kuwa abin ya kai kashi 54. Wato fiye da rabin dattawan suna yawo da yagaggiyar jijiya ba su sani ba. Idan haka ne, ganin yagewa a hoton mai ciwo bai tabbatar da cewa ita ce ke sa ciwon ba.

Ɗaya gefen ya fi wannan ban mamaki. A 2004 Leesa Galatz da abokan aikinta a birnin St. Louis suka bi sawun mutum 18 da aka ɗinke wa manyan yagewa ta hanyar tiyatar ƙananan huji, wadda ake zura kyamara a cikin gaɓa. Da aka duba su da na'urar sikanin, 17 daga cikinsu ɗinkin ya sake buɗewa. Bisa ma'aunin ɗinki, aikin ya rushe kusan gaba ɗaya. Amma bayan shekara guda yawancinsu ciwo ya ragu ƙwarai, hannu yana ɗaguwa, suna kuma murna da aikin. Adadin kaɗan ne, kuma yagewar tasu manya ce, sannan da aka kai shekara biyu sakamakon ya ɗan ja baya. Duk da haka tambayar ta zauna daram: a katin Codman, me za a rubuta wa waɗannan mutane? An yi nasara ko ba a yi ba?

Amsar da shekarun 1990 suka bayar ita ce a tambayi mai abin, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Aka shiga ƙirƙiro takardun tambayoyi da majiyyaci zai cike da kansa, ba tare da likita ya sa baki ba. A Seattle aka yi mai tambaya 12, amsar kowacce i ko a'a. A Arewacin Amurka aka yi mai tambaya 30 da ta haɗa hannu gaba ɗaya. A 1996 Jill Dawson da Ray Fitzpatrick da Andrew Carr suka fito da ma'aunin Oxford, shi ma tambaya 12, makinsa a yau daga 0 zuwa 48. Abin da ya bambanta shi shi ne an zauna da marasa lafiya an ji abin da ke damunsu kafin a rubuta tambayoyin. Yana tambayar ciwon dare, da sa tufafi, da taje gashi, da wanke hammata, da rataye kaya a kabad, da cin abinci da wuƙa da cokali mai yatsu a lokaci guda.

Tambayar nan ta ƙarshe ta isa ta nuna iyakar abin. Ma'aunin da aka ɗebo daga rayuwar mutanen Oxford rayuwarsu yake aunawa. Matar da abin da take nema daga kafaɗarta shi ne ɗaga taɓarya, da jan guga, da ɗaure goyo, za ta iya cin maki masu yawa alhali ba ta koma aikinta ba. Shi ya sa masana suka dage cewa fassara irin wannan takarda zuwa wani harshe ba ta wadatar, sai an sake gwada ta a kan mutanen wurin. An kuma gane cewa ba kowane bambancin maki ne mutum ke ji a jikinsa ba, don haka aka fara neman mafi ƙarancin canjin da majiyyaci zai ce lallai ya ga bambanci.

Ko da an sami ma'auni mai kyau, akwai sauran rina a kaba. Samun sauƙi bayan tiyata daban, samun sauƙi saboda tiyata daban. Mutum yakan zo asibiti ne lokacin da ciwo ya kai maƙura, ciwon kafaɗa kuwa yakan lafa da kansa. Bayan aiki akwai hutu, da makonnin atisaye, da kuma imanin cewa an gyara abin. Katin Codman ba shi da hanyar rarrabe waɗannan, domin ba ya nuna abin da zai faru da a ce ba a yi aikin ba.

Wani aiki na musamman ne ya fito da wannan fili. A 1972 Charles Neer, babban likitan kafaɗa a New York, ya bayyana cewa rumfar ƙashin nan ce ke gogar jijiyar sama idan an ɗaga hannu, maganin kuma shi ne a kankare ƙasan rumfar a buɗa wa jijiya hanya. Bayanin ya shiga hankali, marasa lafiya suna cewa sun ji sauƙi, da tiyatar ƙananan huji ta zo kuma aikin ya zama na yini guda. A Ingila kaɗai, daga 2,523 a shekarar 2000 ya kai 21,355 a 2010.

Sai wasu masu bincike a Birtaniya, cikinsu har da Andrew Carr ɗin nan na ma'aunin Oxford, suka yi abin da ya fi zanen jimina ƙarfin hali. Suka ɗauki mutum 313 a asibitoci 32, masu ciwon kafaɗa amma jijiyarsu ba ta tsinke ba, suka kasa su uku ta hanyar ƙuri'a, da yardarsu. Kashi na farko aka kankare musu ƙashin. Kashi na biyu aka sa su barci, aka zura kyamara aka leƙa, aka fito ba a kankare komai ba, kuma ba su san a wane kashi suke ba. Kashi na uku ba a yi musu aiki ba. Bayan wata shida matsakaicin makin Oxford na waɗanda aka kankare wa ƙashi 32.7 ne, na waɗanda aka leƙa kawai 34.2, na waɗanda ba a taɓa ba 29.4. Kankarewar, wadda ita ce zuciyar aikin, ba ta ƙara komai ba, tazarar da ke tsakanin masu tiyata da marasa tiyata kuma ba ta kai wadda mutum zai ji a jikinsa ba. Mujallar Lancet ta buga sakamakon a 2018, a shekarar ne kuma wani gwaji irinsa daga Finlan ya zo da amsa iri ɗaya. A 2019 kwamitin masana da mujallar BMJ ta haɗa ya ba da shawara mai ƙarfi cewa a daina yi wa masu irin wannan ciwo aikin.

A ganina nan ne ra'ayin Codman ya cika, ta hanyar da shi kansa bai hango ba. Shi kuskuren likita yake farauta, wato aikin da aka yi ba daidai ba. Abin da aka kama a nan kuwa aiki ne da gwanaye suka yi shi daidai, sau dubbai, marasa lafiya suka yi godiya, amma bai fi leƙawa amfani ba. Da katinsa kaɗai aka yi amfani, da aikin ya ci jarrabawa.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa duk tiyatar kafaɗa ce ta faɗi. Wancan gwaji bai shafi ɗinke jijiyar da ta yage ba, aikin da Codman ya fara. Shi wannan labarinsa ya fi sarƙaƙiya, kuma ya dogara da shekarun mutum, da girman yagewar, da ko faɗuwa ce ta jawo ta ko tsufa. Wani gwaji a Finlan a kan mutanen da suka haura shekara 55, waɗanda jijiyarsu ta yage ba tare da rauni ba, bai ga wani bambanci na a-zo-a-gani tsakanin ɗinki da atisaye ba bayan shekara guda. A Norwe kuwa Stefan Moosmayer da abokan aikinsa sun kasa mutum 103 masu ƙanana da matsakaitan yagewa gida biyu, ɗinki ko atisaye, suka ƙi sakinsu. A shekara ta biyar tazarar kaɗan ce, wajen maki 5 a ma'aunin Constant, har ana iya cewa ba ta taka kara ta karya ba. Amma ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Da suka sake kiran mutanen a shekara ta goma, tazarar ta kusa ninkawa, waɗanda aka ɗinke wa suna riƙe da abin da suka samu, na atisaye kuma sun fara ja baya, wasunsu ma tuni sun koma an yi musu ɗinkin. Codman ya nemi a jira shekara guda kafin a cike layin ƙarshe na katinsa, abokan aikinsa suka ga ya cika naci. Mutanen Norwe sai da suka jira goma.